Wa Ya Tsaya Masa?

 Ɗana, na samu labarin cewa yanzu rabin cinikinka a waya kake yin sa: kana saro kaya daga Sin ba ka hau jirgi ba, kana sayar wa mutanen Legas da Fatakwal da Yamai waɗanda ko a hanya kuka haɗu ba za ku gane juna ba. Na yi murna ƙwarai. Ba na cikin masu ganin duk abin da ya zo bayan ƙuruciyarsu fitina ne. Kasuwar da ta buɗe muku, da iyayenmu sun same ta da sun gode Allah. Sai dai akwai tambaya guda da nake so ta riga hannunka duk lokacin da za ka tura kuɗi ko kaya ga mutumin da ka sani ta waya kawai. Tsohuwar tambaya ce, a kasuwa muka gaje ta: wa ya tsaya masa?

Bari in gaya maka inda ta samo asali, don ka san nauyinta. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya da jakuna kafin su isa Salaga. Ba su san mutanen garin ba, mutanen garin ma ba su san su ba. Duk da haka an yi cinikin dukiya mai yawa, har da bashi, zamani bayan zamani. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne mai gida. Falke ya sauka a gidansa, ya ajiye kayansa a ɗakinsa, ya ci tuwon gidansa. Mai gida ya haɗa shi da dillali, dillali ya kawo mai saye, a yi ciniki a gaban mutane, a fitar da la'ada. In mai saye zai ɗauki kaya bashi, mai gida ne ya san shi, ya san ƙofar gidansa, ya san ko yana biya ko sai an yi ta jeka-ka-dawo. In kuwa ya gudu da kuɗi, baƙo ba ya bin sa, mai gida zai riƙe. Haka aka yi a zangon Kumasi, haka aka yi a Sabo ta Ibadan, inda mahauta ke karɓar shanun Arewa bashi, mai gida yana tsaye a tsakani. A cikin wannan tsari Alhassan Dantata ya taso da fataucin goro kafin ya shiga gyaɗa, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Mai gida kuwa ba ya iya cin amanar baƙo ya zauna lafiya. Yana da gida da ba zai ɗauka ya gudu da shi ba, yana da iyali, yana da masallacin da ake ganin sa sau biyar a rana. In ya cuci falke ɗaya, labari zai bi ayari har Kano, baɗi ba mai sauka gidansa. Tsoron Allah na nan, amma bayan tsoron Allah akwai abin da zai rasa, kuma akwai inda za a same shi.

Waya ta ɗauke muku wahalar hanya, amma ta tafi da mai gida. Yanzu daga kai sai baƙo, ba kowa a tsakani, shi kuma baƙon hoto ne da lamba. In ya rufe lambar yau, gobe ya buɗe wata da sabon suna, bai rasa komai ba. Saboda haka aikin da ya hau kanka a kowane ciniki shi ne ka nemo wanda zai zauna a gurbin mai gida: mutum, ko banki, ko kamfani, ko takarda mai ƙarfi, wani abu dai da za ka iya kamawa in magana ta lalace. In ka duba ka rasa, to cinikin biri a sama kake shirin yi.

Ka fara da sanin wanda kake magana da shi. Hoton shago cike da kaya, bidiyon kwantena ana saukewa, dubban mabiya a Instagram ko TikTok, hotunan saƙonnin mutane suna cewa kaya sun iso Allah Ya saka da alheri, duk waɗannan ana kwafo su daga shafin wani, mabiyan ma sayen su ake yi. Kada su cika maka ido. In ya ce kamfani ne a Nijeriya, ka nemi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, ka duba a shafin hukumar CAC, kyauta ne. Sannan lokacin tura kuɗi, banki yana nuna maka sunan mai asusu kafin ka danna. Ka tsaya ka karanta. In kamfani ya ce maka sunansa kaza, asusun kuma ya fito da sunan wani mutum dabam, sai aka ce ai na ƙanena ne, ko na akawunmu ne, ko asusun kamfani yana da 'yar matsala yau, ka mayar da wayarka aljihu. In kamfanin Sin ne, ka nemi hoton lasisin kasuwancinsa. Yana ɗauke da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 18, da sunan kamfanin da rubutun Sinanci, kuma gwamnatinsu tana da shafin da ake bincika su. Ka sami wanda ya iya harshen ya duba maka ko kamfanin na nan da rai, a wane gari yake, kuma wace sana'a aka yi masa rajista da ita. Wanda lasisinsa na sayar da kayan wasan yara ne bai kamata ya zama shi ke sayar maka da injin niƙa ba.

Amma ka sani, rajista tana nuna cewa kamfani ya wanzu ne kawai, ba ta shaidar halin mai shi. Kiran bidiyo ya fi ta ƙarfi kaɗan: ka kira shi ba shiri, ka ce ya zaga da kai cikin sito, ya buɗe katan ɗin da kai ka nuna, ya fita ƙofa ya nuna maka titi da allon shagon. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda kullum kyamararsa ta lalace, ko kullum yana kan hanya, ya riga ya ba ka amsa. Duk da haka, abin da ya fi duka shi ne ƙafar mutum. Gani ya kori ji. Allah Ya yi mu mutane masu yawo, babu babbar kasuwar da za ka rasa namu a cikinta. Akwai su a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, akwai su a Yiwu, akwai su a Deira ta Dubai, akwai su a Idumota da Alaba da Mile 12, akwai su a Dantokpa ta Kwatano. Ka nemi ɗaya ya je ya ga wurin da idonsa, ya taɓa kayan, ya ɗauko maka samfur. Ka biya shi la'adarsa da daɗin rai, kada ka yi ƙyashin ta, domin ita ce mafi arahar kuɗin da za ka kashe a cinikin gaba ɗaya.

Shi ma wanda za ka aika, tambayar ba ta ƙyale shi ba. Yanzu shafukan sada zumunta sun cika da masu cewa su ejan ne a Sin, a turo kuɗi su saya su loda. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal, wasu kuwa ko filin jirgi ba su taɓa gani ba. Jin Hausa a bakin mutum yana sanyaya zuciya, musamman in yana ƙasar da ba ka jin harshenta, kuma 'yan damfara sun san haka. Ka tambaye shi wa yake yi wa aiki a Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari. In ya faɗi suna, ka tashi ka je shagon da kanka, ka gaisa da mai shi, ka tambaya. Kada ka karɓi lambar wayar mai shaidar daga hannun wanda ake shaida, domin abokinsa zai ba ka.

Sai hanyar da kuɗi za su bi. Shafuka irin su Alibaba sun gane matsalar rashin mai gida, shi ya sa suka yi tsarin da suke kira Trade Assurance: ka biya ta cikin shafin, a rubuta yarjejeniya a can, in kaya ba su zo ba ko sun saɓa wa abin da aka rubuta, kana da inda za ka kai ƙara ka nemi a mayar maka da kuɗinka. Tsarin ba ya hana kowace asara, amma wani abu ne da za ka kama. Shi ya sa dabarar farko ta macuci ita ce ya fitar da kai daga ciki. Zai ce mu koma WeChat ko WhatsApp mu yi magana sosai, sannan ya ce in ka biya kai tsaye zan rage maka kaza, ai shafin cin kuɗinmu yake yi. Ranar da ka biya a waje, ranar ka sallami mai gidanka da hannunka saboda ragin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗin da aka tura ta Western Union ko ta kirifto irin su USDT, in sun tafi da wuya ƙwarai su dawo. Ɗan canjin da ya biya maka yuwan daga Wapa kuwa aikinsa ya ƙare da zarar kuɗi sun shiga asusun da ka ba shi. Bai tsaya wa kayanka ba, kada ka ɗauka don ka san shi ka san wanda aka tura wa.

A cinikin masana'anta, abin da aka saba shi ne ka ba da kafin alƙalami, sau da yawa kashi 30 cikin 100, sauran kashi 70 sai an gama kaya an duba su. Wannan dubawar kada ka yi wasa da ita. In odar babba ce, akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su SGS da Bureau Veritas da Intertek: su je masana'anta su ƙirga, su auna, su buɗe katan, su rubuto maka rahoto. In ƙarama ce, mutuminka ya je. An sha loda wa mutane kayan da katan na gaba masu kyau ne, na ciki kuwa tarkace. An sha nuna samfur mai kauri a loda mai shara-shara. Wanda ya ce sai ka biya duka kafin a fara, kuma bai yarda kowa ya zo ya duba ba, ka bar masa kayansa. Bayan an loda, ka karɓi takardar lodin jirgi da lambar kwantena, haruffa 4 ne da alƙaluma 7, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka ga ko akwai ta, kuma ina ta nufa. Kada ka bi adireshin shafin da shi ya turo maka, domin har shafin bin sawun kaya na ƙarya suna yi.

Yanzu ka ba ni hankalinka sosai, don wadda zan faɗa ita ce ta fi cin manyan 'yan kasuwa, masu wayo da taka-tsantsan, waɗanda ba sa faɗawa tarkon araha. Ka shekara kana hulɗa da kamfani, kun saba, ba su taɓa cutar ka ba. Ka yi oda, lokacin biya ya zo, sai saƙo ya shigo ta imel da sunan mutumin da ka saba magana da shi, da irin gaisuwarsa, da takardar kuɗi mai tambarin kamfanin, adadin kuɗin daidai, lambar odar daidai. Abu ɗaya ne ya sauya: an ce bankinmu na da yana bincike, ko mun koma sabon banki, a tura kuɗin wannan asusun. Ka tura. Bayan mako guda mutuminka na gaskiya ya kira yana tambayar ina kuɗi. Abin da ya faru shi ne ɓarayi sun shiga akwatin imel ɗinsa ko naka, sun zauna shiru suna karanta duk abin da kuke rubutawa, suna jiran ranar biya. Wani lokaci ma ba su shiga ba, adireshi suka buɗe mai kama da nasa, harafi ɗaya ne bambancin, wanda ido ba ya kamawa in ana sauri. A nan ba wanda ya ci amanarka cikin waɗanda ka sani, kuma kuɗin sun tafi. Maganinta ɗaya ne, kuma ba shi da tsada: duk ranar da aka ce lambar asusu ta sauya, kada ka amsa ta cikin saƙon, kada ka kira lambar da ke jikin saƙon. Ka ɗauko tsohuwar lambar da ka daɗe da ita, ka kira, ka ga fuskarsa, ya karanta maka lambar asusun da bakinsa. Ko da jirgi zai tashi ya bar kayan, ka yi wannan kiran.

Irin wannan ce ake yi a WhatsApp. A kira mutum a ce daga ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ne, za a yi taro ta intanet da yamma, an turo maka lamba mai alƙaluma 6 ka karanto mana mu sa ka a ciki. Lambar nan mabuɗin WhatsApp ɗinsa ce. Yana faɗa, sun ƙwace, sai su bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa: kaya sun iso, a tura kuɗi wannan asusun. Kada ka taɓa karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarka, ko ta WhatsApp ce, ko ta banki, ko BVN ɗinka, ko da ya ce daga bankin yake. Ka sa wa WhatsApp ɗinka da imel ɗinka makulli na biyu, ka sa yaran shagonka su ma su yi. Saƙon murya ma yanzu bai isa hujja ba, domin an kai inda na'ura ke kwaikwayon muryar mutum.

Akwai kuma mai haƙuri, wanda ba ya cutar ka da wuri. Oda ta farko ƙarama, kaya su zo lafiya, har da kyauta a ciki. Ta biyu ma haka. Yana tambayar iyali, yana yi maka barka da salla. Ta uku ko ta huɗu sai ya ce akwai wata dama, masana'anta za ta rufe shekara, an karya farashi, amma sai an ɗauki kwantena guda kuma sai an biya kafin jibi. Kai kuma ka riga ka saki jiki. Ka kwashe jarinka, ka karɓo na abokai, ka tura. Daga nan waya ta daina shiga. Ƙananan odar nan da suka zo lafiya jarinsa ne shi ma, da su ya sayi yardarka. Don haka yawan kuɗi ya riƙa tafiya tare da ƙarfin abin da ka kama. Amincin da ya isa cinikin dubu ɗari bai isa na miliyan goma ba. In ciniki ya girma, a sake dubawa kamar yau aka haɗu, kuma mutumin kirki zai fahimce ka, don shi ma haka yake yi da wasu. Ka lura kuma da gaggawa. Duk inda aka ce yau ne kawai, saura katan biyar, wani na jira da kuɗi a hannu, ana so ne a hana ka lokacin da za ka yi tambaya ko ka yi shawara. Cinikin da kwana ɗaya na bincike zai kashe shi, ka bar shi ya mutu.

Ina roƙon ka musamman game da kuɗin mutane. 'Yan'uwanka mata da ke haɗa oda a rukunin WhatsApp, kowacce ta kawo abin da ta tara na adashi a sayo atamfa da leshi da kayan kicin, in ɗaya ta tura wa baƙon da ba ta bincika ba, asarar ba tata ba ce ita kaɗai. Zumunci ke ɓaci, aure ke girgiza, a kai ta gaban hukuma alhali ita ma cutar ta aka yi. In kuɗin wani na hannunka, bincikenka ya ninka. In sun nemi shawararka, ka zauna ka duba musu, kada ka ce ba ruwanka.

In kai ne mai sayarwa, tarkon kan juyo ta wata fuska. Mutanenmu na Dawanau masu riɗi da zoɓo da waken suya, da masu citta ta kudancin Kaduna, sun san wannan. Saƙo zai zo daga wani wai babban mai saye a Turai ko Dubai, yana son tan ɗari-ɗari kowane wata, farashinsa ya fi na kasuwa, bai ko yi tayi ba. Sai a turo takardun yarjejeniya masu hatimi. Can sai a ce kafin a saki kuɗi sai ka yi rajista da wata hukuma tasu, ko ka biya kuɗin gwajin samfur a wani ɗakin bincike da su suka zaɓa, ko kuɗin lauya. Kana biya wani ya ɓullo. Ka riƙe wannan: mai saye kuɗi yake kawowa. Ranar da ya fara neman ka ba shi, ya tashi daga mai saye. Fitar da kaya waje yana da hanyarsa sananniya, rajista da hukumar NEPC, da fom ɗin NXP ta bankinka, kuma duk a nan gida ake yin su. In cinikin babba ne, ka nemi a buɗe takardar lamunin banki, wadda bankin mai saye zai ɗauki alkawarin biya in ka gabatar da takardun lodi. A nan banki ne mai gida. Amma wadda ta iso ta hannun bankinka kaɗai za ka yarda da ita. Wadda aka turo maka hotonta a waya takarda ce kawai.

Na cikin gida kuwa ka san su: alat na bogi da rasit na bogi. Saƙon tes da hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar shago, ko da mai sayen yana tsaye yana cewa motarsa za ta tashi. Wani zai ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin kaya, ka mayar masa da ragowar a wani asusu dabam. Kada ka yi. Ko dai kuɗin ba su shigo ba sam, ko kuwa na sata ne ake so a wanke ta hannunka, gobe a rufe asusunka a zo neman ka. In da gaske kuskure ne, a bi ta banki, kuɗi su koma inda suka fito. Wajen aika kaya wani gari kuwa, tasha tana iya zama muku mai gida ku duka biyu: direban da aka sani a layi, da ɗan kamasho, da takardar webil. Mai saye ya je ya ga kayansa a tasha, ya biya, ka tabbatar, sannan ka ce a sake su.

Wanda ya zo da maganar haɗa jari, kawo kuɗinka mu juya, duk wata kana da kashi kaza ba fashi, ba sai na tsawaita ba. An ga MMM a ƙarshen 2016, an ga CBEX a watan Afrilun 2025, mutane sun yi kuka da idonsu. Kasuwanci na gaskiya yana da riba yana da faɗuwa, kuma malamai sun gaya mana haɗin jarin da aka yanke wa riba tabbatacciya tun farko bai inganta ba. Ka tambaye shi me ake saya, me ake sayarwa, ina shagon, kuma ko hukumar SEC ta san da shi.

Abin da na fi jin tsoro a kanka, ɗana, kunya ce. An yi mana tarbiyya a kan kada mu nuna wa mutum ba mu yarda da shi ba, musamman in ya girme mu, ko ya yi mana sallama cikakkiya, ko ya rantse. Macuta sun karanci wannan hali namu sarai. Za ka ga hotonsa da harami, kowace jimla da sunan Allah, in ka nemi shaida sai ya ce haba ɗan'uwa, tsakaninmu Musulmi har sai an yi haka? To ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara yi wa umarnin, mutanen da suka fi mu gaskiya nesa ba kusa ba. Cinikin da ake biya kafin a karɓi kaya, wanda malaman fiƙihu ke kira salam, an halatta shi ne da sharaɗin a san nau'in kaya da siffarsu, a san awo ko nauyi, a san lokacin da za a kawo. Duk odar da kake yi ta waya kusan wannan ce. Saboda haka ka rubuta: wane irin yadi, yadi nawa a dila, wane launi, wace rana za a loda, wa zai biya kuɗin jirgi, wa zai biya kwastan, in kaya sun zo a lalace ko sun gaza wa zai ɗauka. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe nasa. Abin da kuka yi magana a kira, ka sake rubuta shi a saƙo ya amsa da e. Mai niyyar cikawa rubutu kariya ce gare shi kamar yadda take gare ka, ba zai ƙi ba.

In kuma duk da haka ƙaddara ta faɗa, Allah Ya kiyaye, to sa'o'in farko su ne masu tsada. Kada ka zauna kana kiran lambar da aka kashe, kada ka jira gobe ko zai dawo. Ka kira bankinka nan take, ka je da ƙafarka, ka rubuta ƙorafi, ka nemi su sanar da bankin da kuɗin suka shiga a riƙe asusun kafin a kwashe. Kada ka goge komai: saƙonni, lambobi, rasit, hotuna, sunan asusu, duk ka adana su ka buga a takarda. Ka kai rahoto ga 'yan sanda, suna da cibiya ta musamman kan laifukan intanet, ka kuma kai ga EFCC, wadda aka kafa a 2003 saboda irin wannan, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ake gurfanar da mutane a ƙarƙashinta. In banki ya yi maka shiru, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen karɓar koken masu hulɗa da bankuna. In ta Alibaba ka biya, ka shigar da ƙara a shafin da wuri, domin akwai wa'adi. Ba kullum ake samo kuɗin ba, amma wanda ya yi sauri ya fi kusa da samu.

Kuma kada ka ɓoye. Na san abin da ciwo, mutum yana jin kamar za a ce masa wawa, alhali an cuci waɗanda suka fi shi shekaru da wayo. Ka faɗa wa shugabannin layinku a kasuwa, ka ba su lambar da sunan asusun su yaɗa, domin wanda ya cuce ka yana kan maƙwabcinka a wannan makon. Bayan haka ka sa ran wani kiran. Wani zai neme ka ya ce shi jami'i ne, ko lauya, ko gwanin kwamfuta, ya ji abin da ya same ka, zai iya dawo maka da kuɗinka in ka ba da wani abu na fara aiki. Sau da yawa su ɗin ne suka dawo, ko waɗanda suka sayar wa lambarka. Hukuma ba ta karɓar kuɗin bincike ta asusun wani mutum. Ka ce masa ku haɗu a ofis, ka tafi da wani babba daga kasuwa.